Maganar Kawu ta tsaya mini a rai

Laraba. Na tashi garau, ciwon bayan nan ya sake ni, har na gama aikin da ke gabana kafin la'asar. Ina ta murna.

Sai ga Kawu. Ya tarar da Auta a kan keken ɗinki tana farke hannun riga, wanda tun jiya ya ƙi zama daidai. Ya tsaya yana kallonta, can ya ce, "Ke dai ki haƙura, abin nan baiwa ne. Wanda aka ba, ba ya shan wannan wahala." Ta ce, "To, Kawu," ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Kawu, a gafarce ni, ai wannan farkewar ita ce koyon." Ya yi dariya, wai shi da ya tsufa yana tuƙi wa ya taɓa zaunar da shi? Yau da gobe ce kawai. Na yi shiru saboda girmansa, amma zancen bai bar ni ba.

Yau da gobe kaɗai ba ta yin gwani. A 1993 wani masanin halayyar ɗan Adam, Anders Ericsson, da abokan aikinsa sun bi diddigin ɗalibai masu koyon gogen Turawa a Berlin, suka ga waɗanda suka fi ƙwarewa sun tara kusan awa 10,000 na atisaye kafin su wuce shekara 20. Lambar ce ta yi suna a duniya, alhali shi Ericsson irin atisayen ne ya dame shi: mutum ya ware wurin da yake kasawa, ya yi ta maimaita shi da cikakken hankali, da malami a gefe yana nuna masa kuskure nan take. Abin da hannu ya riga ya saba, har ana yi ana hira, ko an shekara talatin a kai da wuya ya ƙaru. Tuƙin Kawu ke nan. Na yarda mutane sun bambanta, wani kan kama abu da sauri. To amma wa ya isa ya auna baiwar yarinya daga hannun riga ɗaya?

Auta na iya yini tana ɗinkin miƙe, kowa ya yaba. Ta zaɓi wurin da ke ba ta kunya. Wannan ne ya sa raina ya ɓaci har yanzu, domin kalma guda daga bakin babba kan sa yaro ya ajiye almakashi, kuma ba wanda zai san abin da aka yi asara.

Abincin dare, kowa shiru. 

Na aika wa Anti saƙo ta zo ranar Asabar ta zauna kusa da Auta, ta ga yadda take yankan hammatar riga, don ina zargin tun daga yanka matsalar take. Har yanzu ba ta amsa ba.