Faifan 203 da ya tsaga mini firam

Har yau in na tuna ƙarar da na ji ranar Asabar ɗin nan sai raina ya sosu. Ba wata babbar ƙara ba ce, ƙas ɗaya ce, kamar an taka busasshen kara. Na diro kan tayar baya a bakin wani dakalin siminti a harabar Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere, na damƙe birki, sai na ji keken ya gyaɗa a ƙarƙashina, na zube da mazaunai. Na tashi ina kakkaɓe wando ina dariyar dole, don yara na kallo. Da na kifa keken na ga tsaga siririya kamar gashi a gindin kunnen firam, inda ake ɗaure muƙamuƙin birkin baya, wato abin da ke matse faifan birki, nan dariya ta ƙare.

Keken tirayal ne, wato na wasan tsalle da hawa dakali da katanga, mai taya inci 26, na hannu na saye shi. A unguwarmu a Agege sunansa "keken da ba sirdi", kuma tsofaffi sun daɗe da yanke hukuncin cewa ba ni da aikin yi. Ni dai tun da na ga gwanin wasan keke Danny MacAskill a YouTube yana hawa katanga da shinge kamar akuya, ban sake samun sukuni ba. Keken ya zo da faifan birki milimita 180 a gaba, 160 a baya, kuma na yi watanni da su lafiya lau.

Da damina ta kankama a watan Yuni sai birkin baya ya fara kuka yana zamewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan tayar baya ya san abin da hakan ke nufi. Mai keken dutse yana son birki ya rage masa gudu a hankali, kuma babban abin tsoronsa zafi ne in gangara ta yi tsawo. Mu ba ruwanmu da zafi, faifanmu ko ɗumi ba ya yi. Abin da muke nema shi ne in ka ja da yatsa ɗaya taya ta ƙame kamar an kafe ta da ƙusa. In ta motsa ko da faɗin yatsa ne a bakin kwata, ka tafi.

Ban tsaya duba komai ba na yanke cewa faifan ne ya yi ƙarami. Kuma na yi lissafina har da biro da takarda, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, domin lissafin daidai yake. Daga 160 zuwa 180 ƙarfin riƙo na ƙaruwa da kashi 12 da rabi cikin ɗari, daga 160 zuwa 203 kuwa kusan kashi 27. Sannan girman taya na da nasa tasirin: faifai 160 a kan taya inci 20 yana riƙo kusan kamar 203 a kan inci 26, saboda babbar taya ta fi ja da birki. Na ce to ai magana ta ƙare, masu ƙananan kekuna suna more 160, ni 203 ya kamace ni. Na tafi kasuwar Mile 12 wajen Yaya, na same shi cikin buhunan albasa, na karanto masa darasin milimita. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Nawa ne dai?" Ya ba ni rance. Na yi odar faifai da dogon adafta, wato ƙarfen da ke ɗaga muƙamuƙi ya dace da babban faifai, daga waje, na haɗa da sabon takalmin birki saboda kuɗin aikowa ɗaya ne. Mako shida ina jira.

Ranar da kaya suka iso na kai wa Baba mai gyaran keke a bakin layinmu, don shi ke da makullin T25 na notika shidan da ke riƙe faifai. Ya ɗaga faifan sama ya juya shi, ya ce, "Kai yaro, tuwo za ka ci a kan wannan?" Sannan ya tambaye ni ko na duba tsohon takalmin birkin. Na ce yana da sauran nama, ba shi ne matsalar ba. Ya tambaye ni ko mai firam ɗin ya yarda a sa masa wannan girman. Na ce, "Baba, wannan ba irin kekunan da ka saba ba ne." Wallahi haka na faɗa wa mutumin da ya fara gyaran keke tun ba a haife ni ba. Ya yi shiru ya ɗaura.

Birki kam ya kama, har ya ba ni tsoro. Kwana uku ina yawo ina yabon kaina. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa abu biyu na canza a rana ɗaya, faifai da takalmi, duk yabon na ɗora wa faifai.

A mako na biyu na lanƙwasa shi. Faifai a gefen hagu yake, kuma 203 ya fi 160 leƙowa da sama da santimita 2 ta kowane ɓangare. A ido kamar ba komai ba ne, sai ranar da ka yi tsallen gefe zuwa hagu ka kasa kaiwa, taya ta sulale a jikin siminti. Da faifai 160 na sha yin wannan kuskuren, iyaka in karce firam. Wannan karon bakin kwalbati ya samu faifan. Na miƙe shi da sifana, ya koma yana shafar takalmi, cas-cas-cas duk zagaye. Na sake miƙewa, na sake lanƙwasawa. Ƙwatocin Legas ba sa yafiya, bakinsu kamar wuƙa yake, wasu har da guntun rodi a tsaye.

Tsagar firam ta zo a mako na biyar. Abin da lissafina bai ɗauko ba shi ne ta wace fuska nauyi ke zuwa. A keken yau da kullum taya gaba take juyawa, birkin baya yana danna muƙamuƙi cikin firam. A tirayal kuwa in ka diro bakin dakali da tayar baya, ko kana ƴan tsalle-tsalle a kanta, baya take son komawa. Sai ƙarfin ya juye, ya zama fizgar muƙamuƙin ake yi daga jikin firam, sau ɗaruruwa a yini guda. Ni kuma na ƙara dogon adafta da ya nisanta muƙamuƙin daga kunnen, na ƙara birkin da ba ya barin taya ta zame ko kaɗan, duk nauyin dirata sai ya tattaru a ɗan kunnen alminiyam ɗin nan. Firam ɗin tsoho ne, alminiyam kuma yana gajiya, wannan gaskiya ne. Amma da daddare na nemi bayanin masu ƙera shi a intanet, ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro: iyakar faifan baya 180. Minti biyu ya ɗauke ni in gano. Mako shida na yi ina jiran kaya ban yi wannan minti biyun ba.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da na koma wajen Baba. Ashe ya ajiye tsohon takalmin a cikin gwangwanin madara. Ya ciro ɗaya ya goga a farar takarda, ya bar baƙin layi mai maiƙo. Ya ce, "Sunsuna." Warin man feshin da nake fesa wa sarƙa ne. Iskar Ikko da ruwan damina suna sa sarƙa tsatsa cikin kwana biyu, ni kuma kullum na dawo sai in feshe ta yadda na ga dama, raɓar man tana sauka kan faifai, takalmi yana sha. Takalmin da ya sha mai ya gama aiki, ko da namansa na nan cike. Bayan mai walda ya ɗinke kunnen, Baba ya wanke tsohon faifaina 160 da sifirit, ya ɗan bi shi da sanfefa mai laushi, ya sa sabon takalmin. Na yi ta gudu ina tsayawa sau wajen ashirin don su saba da juna. Na ɗaga gaba na tsaya kan tayar baya, ta ƙame ƙam. Baba bai ce uffan ba, ya ci gaba da facin tayar wani yaro, kuma da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Yanzu in sabon shiga ya tambaye ni girman da zai saya, sai in fara tambayarsa yaushe rabon da ya wanke faifansa, kuma me yake fesa wa sarƙa. Wasu suna jin haushi. Sannan in ce ya nemo iyakar da aka rubuta wa firam da fok ɗinsa, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, kafin ya taɓa aljihu. A gaba babban faifai ba laifi in fok ya yarda, don gaba bai cika haɗuwa da siminti kamar baya ba, ni dai 180 ya ishe ni. A bayan keke inci 26 kuwa, da a ce firam ɗina lafiyayye ne, 180 zan sa in tsaya nan. Akwai ma abin da girman faifai ba ya magancewa: birkin faifai cibiyar taya yake riƙewa, ƙarfin sai ya bi ta wayoyin taya kafin ya kai ƙasa, a babbar taya kana jin ɗan lilo ko da birki ya kulle. Shi ya sa da yawa daga masu inci 26 har yau suke amfani da birkin rim, mai matse gefen ƙarfen taya, irin Magura HS33 a baya, suna karce rim ɗin da injin gurza don ya yi kaushi. Nawa firam ɗin ba shi da wurin ɗaura shi, da tuni na koma can. Notikan faifai da na adafta kuma ina sa musu shuɗin gam ɗin zare, domin wannan ja-gaba-ja-baya yana kwance su a ɓoye.

Walda tana rage wa alminiyam ƙarfi a gefen ɗinki, don haka na daina diro daga wuri mai tsayi, kuma duk ranar da zan fita sai na haska kunnen da fitilar waya. Faifan 203 yana rataye a ƙusa a rumfar Baba, a karkace, yana nuna wa duk wanda ya zo shan hira. Yaya kuma bai taɓa tambayar kuɗinsa ba, sai dai duk lokacin da na je Mile 12 kai masa wani abu daga ciki, yana hango ni zai ce, "Injiniya, yau milimita nawa ka kawo?"