Abin da na gani bayan na ƙara wa Kompressor ɗina ƙarfi

Motata Marsandi ce C200 Kompressor, mai inji lita 1.8, irin wadda sufacajarta, wato na'urar da ke matsa iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi, ta kamfanin Eaton ce. Ita sufacaja ba kamar tabo (turbo) ba ce da hayaƙin salansa ke juyawa, bel ne ke janta daga injin, shi ya sa kana taka totur take amsawa. To sai na sa bakanikena a Sabon Gari ya ɗaura babban fuli, wato faifan da bel ke hawa, a kurankin inji domin sufacajar ta riƙa juyawa da sauri.

Da asuba in na hau titin Kaduna wallahi motar kamar an canza ta, amma da rana tsaka a watan Afrilu, zafin Zariya na neman digiri 40, in na ɗan tsaya a cunkoson Kwangila sai ta yi laƙwas, ka taka ta ƙi tashi. Muka jona na'urar duba mota da wayata, sai ga zafin iskar da ke shiga inji ya haura sosai. Dama duk iskar da aka matse sai ta ɗau zafi, ita kuma kwamfutar motar da ta ji haka sai ta ja lokacin wutar filogi baya don kar inji ya fara noki, wato mai ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba a cikinsa. Kare injin take yi, ba laifinta ba ne.

Nan muka koma kan sanyaya iska. Intakula ɗin da ke bayan bamba, wato abin da ke sanyaya iskar kafin ta shiga inji, da muka ciro shi, ƙurar hunturu da matattun ƙwari sun toshe haƙoransa, ciki kuma ga maiƙon baƙin mai. Muka sa wanda ya fi shi kauri, muka canza tiyo ɗaya da ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, ashe ta nan iska ke zurarewa. Iska in ta sauka da digiri 10 nauyinta na ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin 100, kuma kwamfuta ta daina riƙe motar, wannan ne ma babbar ribar.

Filtar nan mai kamar mazurari da samari ke so saboda ƙara, don Allah ku bar ta, zafin cikin bonet kawai take zuƙa. Ni akwatin filta na kamfani na bari da sabuwar filta, ina kaɗe ta akai-akai lokacin ƙura. Mai kuwa ban yarda da na bumburutu ba ko kaɗan, inji mai matsin iska ba ya jure gurɓataccen fetur. Yanzu ko da azahar na fito daga Samaru jan motar ɗaya ne da na safe.