Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gaɓar da Aka Ba Mu

Makon jiya na yi muku alkawarin labarin auren Adda, to ku yi mini haƙuri, yau ba zai yiwu ba. Shekaranjiya ɗan Baffa ya kira ni a waya yana tambaya ko har yanzu takardar rabon gonar bakin kogi tana hannuna. Tun daga lokacin barci ya ƙaurace mini. Gonar da yake neman takardarta, ruwa ne ke gudu a kanta yau.

Duk wanda ya san gidanmu ya san gonar nan. Tana bakin Gongola, ƙasa da Nafada kaɗan, bayan kogin ya karyo kudu. Kakanmu ya bar gona biyu suna kallon juna. Ta wannan ƙetaren babba ce, a kan gwiwar kogi, gaɓa mai tudu, da tsamiya biyu a bakinta. Ta tsallake ƙarama ce, rabinta yashi, ko awaki ba sa daɗewa a cikinta. Baba da Baffa tare suke noma su, ba a taɓa rabawa ba sai da Baba ya rasu a 1983. Bayan sadakar arba'in Baffa ya tara mu a zaure, ya ce, "Ku ne marayu, ku ɗauki babbar, ni ƙaramar ta ishe ni." Dattawa suka yi ta sa masa albarka. Inna har kuka ta yi daga bayan ƙofa.

Kakanmu yana da wata magana da ba ya gajiya da faɗa: ruwa ɗan aike ne, abin da ya ɗauka a nan can zai kai, ba ya ci. Mu muna yara muka ji ta. Baffa kuwa shi ke tuƙa tsohon a kwale-kwale shekara da shekaru, ya fi kowa sanin cewa a gwiwar kogi ruwa yana bugun gefen waje da ƙarfi yana rarake shi, gefen ciki kuma sai ya lafa ya sauke yashi da laka. Ba zan fasa faɗa ba ko da dangi za su ji haushina: ya sani.

Damina ta farko muka rasa kunya shida ta gero. Yayana Hamma ya kafa turke a bakin gaɓa don ya gane iyakar ɓarnar, kafin kaka turken ya tafi. Ruwan daga ƙasa yake ci, ta sama ba ka ganin komai sai wata siririyar tsaga kamar ta tsohon bango. Wani dare a watan Agusta muka ji ƙara kamar soro ya rushe. Da asuba muka tarar da tsamiyar farko kwance cikin kogi, saiwoyinta a sama, ruwa ja wur yana zagaya ta. A ƙarƙashinta Baba yake shan fura in rana ta take. Hamma ya tsuguna a wurin, bai ce uffan ba har hantsi. Da na ɗaga kai sai na hango tsallake, wani sabon fili ya fito a gaban gonar Baffa, baƙi, yana sheƙi.

Abin da ya tura ni Ikko a 1986 ke nan. Na sami gadi a wani gida a tsibirin Biktoriya, kusa da titin Ahmadu Bello, titin da ke bin bakin tekun da suke kira Bar Beach. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi Gongola ba, kwana uku ina jin rugugin igiyar ruwa kamar hadari na tahowa. Ba a jima ba na ga abin da na baro a gida. In teku ta yi fushi sai ta hau kan titi, ta watso yashi har bakin ƙofofi, motoci su tsaya. Sai a kawo jirgin haƙar yashi ya zuba sabo, bakin teku ya yi faɗi, masu tsire da masu doki su dawo, bayan 'yan shekaru a nemi yashin a rasa.

Wani dattijo ɗan Misau mai shayi, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana dako a Apapa, shi ya warware mini. Ya ce, "Yaro, ka ga dogayen duwatsun can da suka shiga cikin teku?" Na ce, "Na gani, Baba." Ya ce Turawa ne suka jera su layi biyu a bakin mashigin jiragen ruwa, don kada yashi ya toshe hanya. Daga baya na ji cewa tsakanin 1908 da 1912 aka yi aikin. Igiyar ruwan wurin a karkace take bugun gaɓa, tana tura yashi daga yamma, wajen Kwatano, zuwa gabas. Shingen yamma ya tare shi, ya yi ta taruwa a gefen hasumiyar jiragen ruwa. Gabas kuma, inda muke, ana kwashe nasa ba a kawo masa wani. Na ajiye kofin shayin na faɗa masa maganar Kakanmu. Ya ce, "Kakanka ya taɓa zuwa Ikko?" Na ce ko Jos bai taɓa zuwa ba.

A daren nan ban runtsa ba. A bakin get nake zaune, amma gonar Baffa nake gani.

Akwai wani tunani da ya riƙe ni a shekarun. Na san Gongola tana shiga Binuwai a Numan, Binuwai ta haɗu da Neja a Lakwaja, su gangara teku. Sai in ɗebi yashi a hannu in ce wataƙila akwai ƙasar Baba a ciki. Ƙanena da ya yi karatu ne ya raba ni da wannan, bayan na dawo. Ya ce, "Hamma, tun 1984 akwai dam a Dadin Kowa. Ruwa in ya tsaya sauke kayansa yake yi. Ƙasar gonarmu tana can kwance a cikin dam." Na fi wata ban yafe masa wannan maganar ba, ko da yake gaskiya ya faɗa. Har yau in na bi hanyar Biu na wuce Dadin Kowa sai na rage gudu.

Na dawo gida a 1996, shekarar da aka cire Gombe daga Bauchi. Tsamiya ta biyu ta riga ta tafi. Abin da ya rage mana bai kai filin masallacin unguwa ba. A tsallake kuwa Baffa yana noman rani, albasa da tattasai, ga tifa tana zuwa ɗiban yashi a gefensa ana biyansa, ana kai wa masu buga bulo. Da kuɗin albasar nan ya je Makka. Na je yi masa barka da sauka don Inna ta matsa mini. Ya ba ni dabino da zamzam, ya ce, "Ɗana, ka ga ikon Allah, ruwa ba shi da tabbas." Na ce, "Haka ne, Baffa, amma Kaka ya ce ɗan aike ne." Ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Goggo ta tsunkule ni a cinya. Ban ƙara ba, kuma har ya koma ga Allah ba mu sake maganar ba. Wannan shirun yana cikin abubuwan da nake nadama, don da na tambaye shi kai tsaye, ko ya amsa ko ya musa, da na huta.

An ce mini Bar Beach ɗin ma babu ita yanzu. Sun cike wurin da yashin da suka haƙo daga cikin teku, sun yi katangar duwatsu, sun gina sabuwar unguwar da suke kira Eko Atlantic a kai. Su suna da kuɗin mayar da abin da ruwa ya ɗauka. Hamma ya rasu yana noma gonar aro.

Dalilin kiran ɗan Baffa na ji shi jiya daga bakin Goggo. Kogin ya fara sauya kwana, bana ya ci musu kadada guda ta albasa, wani tudun yashi kuma ya ɓullo a gefenmu, daidai inda tsamiyoyin suke a da. Suna so su ga abin da takarda ta ce game da iyaka. Tana nan cikin akwatin Inna, naɗe a leda, da hatimin mai unguwa da dangwalen Baffa. Na ce masa ya zo da kansa ranar Juma'a bayan masallaci, ya taho da Goggo.