Asabar: ni da Abba da Greymon

Yau ban je shago ba, Sani na bar wa. Ruwa ya yi ta zuba tun asuba har hantsi. Koko da ƙosai. Wuta kuma ta zauna daram, abin mamaki, sai na jona tsohuwar PlayStation ɗina na ci gaba da Digimon World daga inda na tsaya. Agumon, ɗan dodon da nake reno a wasan, ya girma ya zama Greymon, alhamdu lillahi.

Abba ya shigo da wayar Yaya a hannu, ya zauna a gefena, ido ɗaya a waya ɗaya a talabijin.

"Kawu, wai ina kake ta gudu haka?"

"Banɗaki zan kai shi."

Yaron nan ya yi dariya har da faɗuwa daga kan kujera. Na bar shi ya gama, sannan na nuna masa alamar da ta fito a saman kan Greymon. In ba ka kai shi da wuri ba a ƙasa zai yi, wasan kuma yana lissafawa, in abin ya yi yawa sai dodon naka ya rikiɗe ya koma Sukamon, wanda siffarsa ta kashi ce sak. Na ce masa duk wannan gado ne. Kamfanin Bandai na Japan ya fitar da Tamagotchi a 1996, ɗan abin wasa mai siffar ƙwai da maɓalli uku da wata 'yar halitta a allonsa, ka ciyar, ka share, ka ba da magani. A 1997 suka yi Digital Monster don yara maza, shi kuma ana haɗa biyu su gwabza. Da wasan PlayStation ya fito a 1999, sai ya kwaso yunwar da barcin da kashin gaba ɗaya.

Yana ta gyaɗa kai, na ɗauka na burge shi. Can muka ci karo da abokin gaba a daji, faɗa ya kaure, ni kuma ina riƙe da pad ban danna komai ba.

"Kawu, danna mana, za a kashe shi!"

"Shi yake faɗansa. Ni umarni kawai nake bayarwa, in ya jigata in jefa masa magani."

Ya dube ni, ya dubi talabijin. "To kai meye aikinka?"

Na ce dabara. Faɗan nan tun a filin horo aka gama shi: nawa ka ba ƙarfi, nawa ka ba gudu, nawa ka ba ƙwaƙwalwa. In ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, umarni kaɗan zai gane, sai ta ƙaru kake samun bakin ce masa ja da baya, ko kare kanka. Hatta nauyinsa da yawan sakacin da ka yi wajen renonsa suna cikin abin da ke yanke irin dodon da zai zama. Kuma lokaci ƙidayayye ne, awar da ka kashe a horo ba ka kashe ta wajen nemo mazauna File City, garin da ke cikin wasan, da suka watse ba.

"Wannan ai kiwo ne, Kawu, ba wasa ba. Kamar ragon Inna."

Wallahi sai na ji raina ya sosu, ni da girmana. Na shiga kawo masa hujja: ai akwai na WonderSwan, ƙaramar na'urar hannu ta Bandai mai hoto baƙi da fari da batir ɗaya tak, inda aka yi Anode Tamer a 1999. A can fili ne mai gida-gida, kana matsar da dodanninka bi da bi, ka yi naka abokin gaba ya yi nasa. Akwai kuma na kati a PlayStation ɗin ma. Kafin in kai aya ya koma kan wayarsa, yana harbin wasu mutane a wani tsibiri.

Azahar. Shinkafa da wake, Maman Hanif ta cika yaji. Hanif ya ƙi barci.

Tambayar ce ta ƙi barina har la'asar. Meye aikina? Na fi son wasan da sai na lallaɓa abu ya ji maganata, a kan wanda yatsana ne ke yin komai, kuma na kasa faɗa wa yaro ɗan shekara goma sha biyu dalili ba tare da na zama abin dariya ba. Abin da ban gaya masa ba ma shi ne Greymon ɗin mutuwa zai yi. Tsufa ke kashe su a wasan, komai kyan renonka, ya dawo jariri daga ƙwai, dabarun faɗan da ya koya suna nan amma jikin sai an sake ginawa. Da na faɗa, na san abin da zai ce: to wahalar ta mece ce?

Da Yaya ta zo ɗaukarsa bayan magariba, tun daga zaure na ji yana ce mata, "Umma, Kawu fa dodo yake kai wa masai." Ita ma ta yi dariya, har tana cewa in dai reno nake so ta bar min shi hutun nan gaba ɗaya. Na ce ta bari in yi shawara da Maman Hanif.

An ɗauke wuta wajen tara. Sani bai kawo cinikin yau ba, wayarsa kuma a kashe.