Wasiƙa daga Glasgow zuwa ga 'yan uwa na Mile 12 da Agege

Assalamu alaikum iyayena da yayyena 'yan kasuwar Mile 12, da 'yan uwa na Agege da Idi-Araba. Ya kasuwa, ya fama da cunkoson Legas? Allah Ya sa albarka a nema.

Maganar da na kawo muku ta taɓo barasa, don haka bari in share fage tun da wuri. Ba na sha, ba na sayarwa, ba kuma na kiran kowa zuwa ga abin da Allah Ya haramta. Karatun sarrafa abinci ne ya kawo ni Sikotlan, kuma a nan duk mai wannan karatu sai ya ji labarin wata barasa da suke kira jin. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne na tarar da kayan gonarmu a cikinta.

Ana tace jin da 'ya'yan wani icen daji mai suna junifa, kuma dokarsu ta ce dole ɗanɗanonsa ya rinjayi komai. Bayan wannan, kowa da abin da yake zubawa. Tun da kamfanin Sipsmith ya buɗe ƙaramar matatarsa ta jin a Landan a 2009, ƙananan masu tacewa suka yi ta tsirowa lungu da saƙo. Tunda junifa ɗaya ce a hannun kowa, sai kowanne ya koma dajin garinsu neman abin da zai bambanta shi. A tsibirin Islay da ke nan Sikotlan, masu yin jin mai suna The Botanist suna tsinko tsirrai 22 da hannu daga tuddai da fadamun tsibirin. A tsibirin Harris, mutum ne ke nutsewa cikin teku ya yanko wata ciyawar ruwa da ake sakawa. Masu Caorunn kuwa suna zuba jajayen 'ya'yan icen rowan, wanda mutanen zamanin da suke dasawa a ƙofar gida wai don korar mayu. Ita kanta junifar, a tsaunukan arewacin Sikotlan akan ƙona rassanta a sabuwar shekara a turara gida da garke. Duk waɗannan labarai suna cikin tallarsu, kuma mai saye yana biyan kuɗin labarin tare da kuɗin kwalbar.

To ku duba namu. Cikin kayan haɗi 10 na jin mai suna Bombay Sapphire akwai citta mai 'ya'ya, wadda muke dakawa a yaji. Whitley Neill na saka 'ya'yan kuka. Amma in an zo faɗar inda suka fito, sai a ce Afirka ta Yamma ko Afirka kawai, a wuce. Ɗan tsibirin da bai kai unguwa guda ta Legas jama'a ba yana da suna a kwalba, mu kuma nahiya guda aka dunƙule mu.

Wannan ya fi yi mini ciwo ne domin na san ilimin yana hannunku. Na ga yadda dillali a Mile 12 ke cusa hannu cikin buhun zoɓo, ya murza, ya ɗaga wa haske, ya gaya maka na wane yanki ne da kuma ko ya sha raɓa wajen shanya. Yana karya citta ya sansana ya ce ta Kachia ce. Amma da an ɗinke buhu an loda shi zuwa Apapa, wannan sani ya tsaya a bakin mota. Zoɓon Jigawa da Kano yana isa Meziko, inda suke shan sa kamar yadda muke sha, ba tare da sunan Maigatari a jikinsa ba. A Sifaniya kuwa, ayar yankin Balensiya tana da suna mai rajista da doka ke karewa, alhali ƙasar tana sayen aya daga Nijar da maƙwabtanta ta yi kunu da ita.

Kada wani ya ce ai wannan harka ta masu giya ce. A 2015 wani Bature a Ingila ya fito da Seedlip, ruwan tsirrai da aka tace ba barasa a ciki, kuma ya samu kasuwa har babban kamfanin Diageo ya sayi kaso mafi tsoka. Mu da muke da tsamiya, goruba, ɗinya, kanya, magarya, kimba da kanumfari, me ya rage mana? Labari ma muna da shi, kuma na gaskiya: kunun tsamiyar buɗa baki da azumi, kunun kanwar mai jego, zoɓon biki. Duk da haka yarinya tana tallar kunun aya a tsohuwar robar ruwa da ba suna ba adireshi, kafin la'asar ya yi tsami.

Na san kunun aya ba ya jure zafi sai da sanyi, wutar lantarki kuma kun fi ni sanin halinta, ga rajistar NAFDAC da kuɗinta. Shi ya sa nake ganin a fara da busassun kaya. A shanya zoɓo a kan tabarma mai tsabta maimakon gefen titi, a tsince ƙasa da tsakuwa, a ƙulla a ƙananan ledoji, a rubuta garin da aka noma shi da shekarar girbi. Mutum ɗaya zai sha wuya, amma ƙungiyar 'yan kasuwa za ta iya ɗaukar nauyin rajista da buga takardar suna.

Ina roƙon shugabannin sashen kayan yaji su sa wannan magana a zamansu na gaba, su kira matasanmu da suka yi karatu su zauna tare. Duk abin da ake buƙata na ƙa'idojin shigo da busasshen abinci nan Birtaniya, zan tattara in fassara muku da Hausa in aiko. A gaishe mini da iyalai. Wassalam.