Artemisinin: Daga Ganyen Sin Zuwa Kemis ɗin Sakkwato

Da damina ta zauna a Sakkwato, layin kemis ba ya yankewa, kuma galibin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake saya tushensa ganye ne. A ƙasar Sin ana kiransa qinghao, masana tsirrai kuma Artemisia annua, dangin tazargade ne. A 1971 wata mai bincike 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka gane cewa tafasa na ɓata ƙarfinsa, sai suka tatso shi ba da zafi sosai ba. A 1972 suka ware sinadarin, artemisinin, kuma a 2015 ta samu kyautar Nobel.

Saurin aikinsa shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma rauninsa. Da ya haɗu da sinadarin ƙarfe da ƙwayar cutar ke fitarwa yayin cin jini, sai ya tarwatsa ta. Amma cikin 'yan sa'o'i ya bar jiki. Shi ya sa ake haɗa artemether, wanda aka sarrafa daga gare shi, da wani magani, lumefantrine, mai daɗewa kwanaki yana share ragowar.

Wanda ya kai kilo 35 yana shan ƙwaya 4 masu 20/120 (miligiram 20 na artemether da 120 na lumefantrine) a kowane sha, sau 6 cikin kwana 3: na farko, na biyu bayan awa 8, sannan safe da yamma kwana biyu. Yaro mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya 1, mai 15 zuwa 24 ƙwaya 2, mai 25 zuwa 34 ƙwaya 3. A sha da abu mai maiƙo, kindirmo ko madara, domin lumefantrine ba ya shiga jini sosai a cikin da babu komai. In an yi amai kafin awa ɗaya, a sake.

Inda ake ɓata lamarin: jiki ya yi sanyi a rana ta biyu, sai a ajiye sauran don wani yaron. Ƙwayoyin cutar da suka tsira su dawo bayan mako biyu ko uku. Shan jiƙon ganyen Artemisia ma haka ne, sinadarin cikinsa kaɗan ne, ba ya narkewa sosai a ruwa, ba wanda zai iya auna shi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shi ba. Bijirewar ƙwayar cutar ga maganin, wadda ta faro a Kambodiya, ta riga ta ɓulla a Ruwanda da Uganda, kuma wannan abin tsoro ne gare mu.

A yi gwajin jini kafin a sha. In akwai jijjiga, suma ko amai ba tsayawa, a garzaya asibiti don allurar artesunate, wani dangin artemisinin.