Abin da na koya a wajen masu turara shinkafa game da zafi da lantarki

Lokacin da na fara furojet ɗina na digiri na biyu a injiniyanci, ba abin da ke kaina sai lantarki. Duk wanda ke zaune a Kano ya san dalili, a kawo wuta a ɗauke, masu masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai kullum kukan kuɗin dizal suke. Shi ya sa da malamina ya ba ni batun injin ORC, wato injin mayar da zafi lantarki mai bin zagayen Rankin, wanda ke tafasa sinadari maimakon ruwa, na karɓa hannu bibbiyu.

Yadda yake aiki ba wuya. Ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa, kuma kafin tururinsa ya juya tarbayin, wato farfelar da ke juya janareta, da ƙarfi sai an kai shi ɗaruruwan digiri. Shi kuwa wannan injin ana zuba masa abu mai saurin tafasa ne, kamar fentan da ke tafasa a digiri 36, ko R245fa, dangin gas ɗin firij, da ke tafasa a wajen digiri 15. Kenan zafi matsakaici ya ishe shi, na rana da aka tara da madubai, ko na ƙona buntun shinkafa, ko ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa.

Misalin da nake ta yawo da shi a lokacin shi ne Chena a jihar Alaska ta Amurka, inda tun 2006 suke samar da lantarki da ruwan ƙasa mai zafin digiri 74 kacal. Na kai wa malam ina murna, na ce ranka ya daɗe in dai 74 ya yi musu ai mu da rana ke dukan mu kullum mun fi su. Sai ya ce min, je ka duba da me suke sanyaya kwandensarsu, wato inda tururin ke hucewa ya koma ruwa-ruwa. Na duba, ashe ruwa ne mai sanyi kamar ƙanƙara. A nan na fara fahimtar cewa injin ba zafi kaɗai yake ci ba, tazarar da ke tsakanin zafi da sanyi yake ci. In ka yi lissafin Karno, wanda ke nuna iyakar zafin da inji zai iya mayarwa aiki, da zafin digiri 120 a sama da 40 a ƙasa, iyakar abin da zai iya zama lantarki kashi 20 ne cikin 100, wannan ma a takarda, injin gaske wajen rabin haka yake bayarwa. A watan Afrilu kuwa iskar Kano kanta tana haura 40, toh da me za ka sanyaya? Ko ruwan Wikki na Yankari da wani abokina ya kawo shawara digiri 31 ne, bai ma kai zafin iskar bazararmu ba.

Raina ya ɓaci sosai, don gani nake kashi 10 ba abin da za ka nuna wa mutum ba ne.

Abin da ya gyara min tunani wata masana'antar shinkafa ce a hanyar Zariya da na je ɗaukar awo. Buntu ga shi nan tsibi-tsibi a bayan katanga, don kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne. Wani dattijo mai kula da tukunyar tururi ya tsaya yana jin bayanina har na gama, sai ya ce, ɗana, ka ce goma ce ke zama wuta, sauran casa'in ɗin ina take zuwa? Na ce Baba iska ake bari ta kwashe. Ya kama hannuna ya kai ni wajen tankokin jiƙa shanshera, ya ce nan ruwa mai ɗumi muke bukata kullum, digiri 60 zuwa 70, awanni ana jiƙo kafin a turara, ga kuma busarwa bayan nan, musamman da damina da ba a iya shanyawa a fili. Wallahi sai da na ji kunyar wata shida da na yi ina kiran wannan zafin asara a rubutuna, alhali shi ne abin da mutanen nan ke kashe kuɗi a kai.

Na dawo na sake lissafin daga farko. Wannan karon na fara da tambayar zafi nawa masana'antar ke bukata, a wane digiri, da wane lokaci, sannan na ɗora lantarki a kai. Akwai ciniki a ciki, dole ka yarda da shi. In zafin sama 150 ne ka sanyaya zuwa 40, iyakarka kashi 26, in kuma ka bar kwandensa a 70 don ruwan ya yi jiƙo sai ta sauko wajen 19. Lantarki ya ragu amma yanzu kusan duk zafin buntun yana da aikin yi, kuma matsalar sanyayawa da ta dame ni ta yi sauƙi tunda tankin jiƙo ne ke shanye zafin.

Madubin rana na cire shi daga tsarin, don da hunturu hazo yana tare hasken da madubi ke iya tarawa, ƙura kuma ta rufe gilashi sai an yi ta wanki. Buntu ma da nasa halin, tokarsa da yawa kuma kusan duk silika ce, wato sinadarin yashi, tana taruwa a bututu ta hana zafi wucewa, Baba ya nuna min yadda suke kankare ta.

Har yanzu injin a kwamfuta yake, ba a gina shi ba, kuɗin shigo da irinsa daga Italiya ya fi ƙarfinmu. Yanzu dai muna gwada juya kwamfuresan esi na mota ya yi aikin tarbayin a ɗan ƙaramin samfuri, kuma sati mai zuwa in sha Allah zan koma wajen Baba da ma'aunin zafi, ina son in san digirin ruwan da suke zubarwa bayan jiƙo.